Bugu a Ƙirji Bayan Tiyatar Baifas ta Zuciya: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda aka taɓa buɗe wa ƙirji aka yi wa zuciyarsa aikin baifas, wato dasa wasu jijiyoyi don jini ya kewaye waɗanda suka toshe, yakan warke ya koma harkokinsa. Ya tuƙa mota, ya hau bene, har ya manta da dogon tabon nan sai in ya tuɓe riga. Ranar da zai tuna da shi ita ce ranar da sitiyari ya daki ƙirjinsa, ko santsi ya kwashe shi a banɗaki ya faɗa kan bakin baho. Ga tambayoyin da irin wannan mutum da iyalinsa suka fi yi. Amsoshin don ƙarin fahimta ne, ba za su maye gurbin likitan da zai duba shi ido da ido ba.

Me ya raba ƙirjin wanda aka yi wa baifas da na sauran mutane?

A fara da ƙashi. Kafin likita ya kai ga zuciya sai ya tsaga ƙashin ƙirji gida biyu daga sama zuwa ƙasa. In ya gama sai ya haɗe shi da wayoyin ƙarfe marasa tsatsa, kuma wayoyin nan suna nan har ƙarshen rayuwa. Ƙashin yakan haɗe cikin mako 6 zuwa 8, wani ya kai 12.

Bayan ƙashi akwai jakar da zuciya ke zaune a ciki. A mutumin da ba a taɓa buɗe wa ba, jakar a rufe take, da ɗan ruwa a ciki wanda bai wuce mililita 50 ba, zuciya tana zamewa a cikinta ba tare da ta gogi komai ba. A tiyata yanka jakar ake yi, kuma sau da yawa a bar ta a buɗe don kada ta matse sababbin jijiyoyin. Da tafiya ta yi tafiya sai tabo ya cike gurbin, ya manne zuciya da abin da ke kewaye da ita, wani lokaci har da bayan ƙashin ƙirji. Zuciyar da aka manne ba ta da wurin gocewa in bugu ya zo.

Sai su jijiyoyin da aka dasa. Jijiyoyin zuciya na asali kwance suke a jikin tsoka, kitse ya lulluɓe su. Na dashe kuwa kamar igiya suke da aka ɗaure kai da gindi, wani sashensu yana ratsa fili. Ɗaya ana zaro ta ne daga bayan ƙashin ƙirji ta hagu, a bar tushenta inda yake a juyo da bakinta zuwa zuciya. Sauran ana ɗebo su daga ƙafa, ko daga hannu. Likita Vasili Kolesov ne ya ɗinka jijiyar bayan ƙirjin a Leningirad a 1964, René Favaloro, ɗan Ajantina da ke aiki a Kililan ta Amurka, ya yaɗa amfani da ta ƙafa daga 1967. Har yau jijiyoyin nan biyu ne ginshiƙin aikin.

To jijiyar da aka dasa tana iya tsinkewa ke nan?

Tana iya, amma ba kasafai ba. Mafi yawan masu baifas da suka bugu a ƙirji ba abin da ke samun jijiyoyinsu. Abin da ya sa ake ɗaga hankali shi ne in abin ya faru, ba ya jira.

Tsinkewa ɗungurungum ita ce mafi ƙaranci. Abin da ya fi yiwuwa shi ne fatar cikin jijiyar ta yage ta naɗe, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe, sai mutum ya samu ciwon zuciya irin wanda aka yi masa aiki don a kauce masa. Hakan na iya faruwa nan take, yana iya ɗaukar sa'o'i ko kwanaki. Wani lokaci kuma ƙaramar huda ce, tabon da ke kewaye ya tare jinin, ya taru ya zama ƙullutu mai bugawa da ke girma a hankali. Wannan ana iya gano shi bayan watanni.

Shekarun dashen ma suna da tasiri. Jijiyar bayan ƙirji tana da ƙarko: kusan 9 cikin 10 suna nan a buɗe bayan shekara 10. Ta ƙafa ba haka take ba, kusan rabi sun toshe ko sun lalace a daidai wannan lokaci. Tsohuwar jijiyar ƙafa cike take da ɓarɓashin kitse mai saurin marmashewa, girgiza mai ƙarfi na iya ɓantaro shi ya gangara ya toshe gaba.

Ban da jijiyoyin, me kuma bugu ke yi wa zuciya?

Mafi yawa kurman rauni ne a tsokar zuciya, kamar yadda cinya ke yi in ta daku. Ɗakin zuciya na ƙasa na dama shi ya fi shan wahala, domin shi ne daf da bayan ƙashin ƙirji. Tsokar da ta daku takan rikita bugun zuciya: ya yi sauri, ya yi tsalle, ko ya birkice gaba ɗaya. A zuciyar saurayi mai lafiya wannan yakan wuce shi kaɗai. A zuciyar da dama can wani sashenta ya mutu a tsohon ciwo, ɗan ragin ƙarfi kaɗan ya isa ya tara ruwa a huhu.

Ƙofofin zuciya ma na iya yagewa, haka babbar jijiyar awota, musamman a hatsarin da mota ta tsaya cak daga gudu. Akwai kuma hanyar da mutane ba su cika tunawa da ita ba: ko zuciyar ba ta bugu ba sam, jinin da ya zuba daga karayar cinya ko saifa na iya rage mata iskar da take buƙata har ta shiga matsala.

Faɗuwa kawai na yi, zafin ma bai kai ya kawo ba. Dole sai na je asibiti?

In ƙirjinka ya daki wani abu da ƙarfi, ko mota ta yi karo har bel ya bar maka shaida, ko jakar iska ta fashe, je a duba ka a ranar. Kada ka tuƙa kanka. In kuma kana shan magungunan tsinka jini kuma kanka ya bugu, wannan ma dalili ne mai zaman kansa.

Dalilin da ya sa na dage shi ne: alamomin da kowa ya saba dogara da su suna yin ƙarya a jikin mai baifas. A ɗauki dattijo mai shekara 68 da aka yi wa aiki shekara bakwai da suka wuce. Ya zame ya faɗa da gefen hagu kan hannun kujera. Ɗansa ya ɗauko na'urar gwajin jini ta gida, ta nuna bugun zuciya 72 a minti, hawan jini 118. Kowa ya yi ajiyar zuciya, aka ce Baba ya kwanta ya huta. Amma Baba yana shan bisofurolol kowace safiya, maganin da aikinsa ke nan ya hana zuciya sauri. Ko jini na zuba a cikin ƙirjinsa, bugun ba zai haura 100 kamar na wani ba. Kuma mutumin da ya saba zama a 150, in ya nuna 118 faɗuwa ya yi, ko da lambar ta yi kyau a ido. Ƙara da cewa yankin da aka yanka sau da yawa a dushe yake, mai ciwon suga kuma na iya samun toshewar jijiyar zuciya ba tare da ciwon ƙirji ba. Lafiyar da ake gani a fuska da na'ura ba hujja ba ce a nan.

Waɗanne alamomi ne ba a jira da su ko minti ɗaya?

Nauyi ko matsi a ƙirji irin wanda mutum ya sani kafin tiyata, musamman in yana tafiya zuwa hannu, muƙamuƙi ko baya. Haki yana zaune. Zufa mai sanyi, jiri in ya miƙe, suma ko da ta daƙiƙa biyu ce. Bugun zuciya da ya birkice. Tari da jini. Ƙashin ƙirji yana motsi ko yana ƙas-ƙas in an yi numfashi. Ga tsofaffi a ƙara da ruɗewa: in Mama ta fara magana ba kan gado bayan faɗuwa, kada a ce tsufa ne ko firgita.

Me za a yi mini a asibiti?

Gwaji biyu ne farkon komai: ECG, wato zanen wutar zuciya, da gwajin jini na turofonin, sinadarin da tsokar zuciya ke saki in ta ji rauni. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin tiyatar hatsari ta gabashin Amurka ta fitar a 2012 ta ce in duka biyun sun fito daidai, ana iya cire zargin raunin zuciya. In ɗaya ya nuna matsala, a kwantar da mutum a jona masa na'urar lura da bugun zuciya, yawanci sa'a 24 zuwa 48. Ana ƙarawa da hoton eko, wato sikanin na zuciya, in jini ya faɗi ko bugun ya ƙi daidaita.

Matsalar ita ce da wuya ECG na mai baifas ya fito tas. Tsohon ciwo ya riga ya bar sawunsa a kan takarda, likitan da bai taɓa ganinka ba kuma ba shi da yadda zai raba sabo da tsoho. Turofonin ma yakan ɗauki sa'o'i kafin ya hau, shi ya sa ake maimaita shi, kuma mai ciwon ƙoda na iya zama da shi a sama kullum. Don haka kada ka yi mamaki in an riƙe ka an sallami wanda kuka yi hatsarin tare. Sau da yawa za a yi maka hoton CT da allurar rini, wanda ke nuna awota, huhu, ƙashi da inda jijiyoyin dashe suka bi. In ana zargin toshewa, sai a zura siririn bututu ta wuyan hannu ko matsematsi a leƙa jijiyoyin kai tsaye.

Me zan tanada tun kafin wani abu ya faru?

Hoton ECG ɗinka na ƙarshe, sunayen magungunanka, da takardar tiyata mai nuna jijiya nawa aka dasa da inda aka ɗebo kowace. Ka ɗauke su hoto a waya, ka tura wa mutum biyu a gidanka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ya sa likita ke ta nanata tambayar yadda abin ya faru? Na gaya masa na faɗi.

So yake ya san wanne ya riga: faɗuwa ce ta taɓa zuciya, ko zuciya ce ta jawo faɗuwa. Wanda ya ce "ƙafata ta harɗe da tabarmar ƙofa" daban yake da wanda ya ce "kawai na tsinci kaina a ƙasa". Direban da ya bar titi da rana tsaka ba birki ba komai, wataƙila zuciyarsa ce ta tsaya na ɗan lokaci. In haka ne, ɗinke raunin bai magance komai ba. Kada ka ɓoye jiri ko ɗaukewar gani don tsoron a hana ka tuƙi. Wanda kuma ya ga abin da idonsa ya bi marar lafiyan asibiti.

An ɗora masa na'urar sikanin a ɗakin gaggawa, an ce babu jini a kewayen zuciya. Shi ke nan ko?

Labari ne mai daɗi, amma a mai baifas bai rufe magana ba. Wannan gwaji na gaggawa yana neman jinin da ya taru a cikin rufaffiyar jaka ya shaƙe zuciya. Tun da jakar tasa a buɗe take, jinin na iya sulalewa ya zuba a gefen huhu, zuciya ta fito fes a hoto alhali ita ke zubar da shi. Ko kuma tabo ya killace shi a lungu guda ta baya, ya danne ɗaki ɗaya na zuciyar inda na'urar ba ta hange. Shi ya sa in jini na ta faɗuwa ba dalili, ake wucewa ga CT ko eko ta maƙogwaro.

Tabon yana da nasa alherin. Akwai lokacin da huda da za ta kashe wani cikin mintuna, a mai baifas mannewar ce ke riƙe ta har a kai ga likita.

Mahaifina a kafaɗar hagu ya karye, ba a ƙirji ba. Me ya haɗa wannan da zuciya?

Jijiyar bayan ƙirji da aka juya zuwa zuciyarsa reshe ce ta babbar jijiyar da ke kai jini hannun hagu, wadda ke bi ta ƙarƙashin ƙashin nan da ya gicciya tsakanin wuya da kafaɗa. Wato gaban zuciyarsa yanzu daga can yake sha. In karayar wannan ƙashi ko haƙarƙarin farko ta taɓa jijiyar, ba hannu kaɗai ke cikin haɗari ba. Haka in awota ta yage aka zo liƙe ta da bututu ta ciki: wurin da ta fi yagewa daf yake da bakin wannan jijiya, kuma in aka rufe bakin ba a yi mata wata hanya ba, an yanke wa zuciya jini. Likitoci sun san wannan sarai, amma sai sun san an yi amfani da jijiyar. Ku faɗa musu.

Hoto ya nuna waya ɗaya ta karye. Za a sake buɗe ni?

Ba lallai ba. Mutane da yawa suna yawo da karyayyiyar waya shekaru ba su sani ba. Abin dubawa shi ne ko ƙashin na motsi, ko wayar ta goce tana tokarar fata ko wani abu a ciki, ko wurin ya yi ja, ya kumbura, yana ruwa. Wanda ya bugu cikin wata uku na farko bayan tiyata shi ya fi shiga haɗarin rabuwar ƙashi, sai masu suga, masu ƙiba, masu shan taba, da waɗanda aka ɗebe musu jijiyar bayan ƙirji ta ɓangare biyu.

Ƙirjina ya yi baƙi da taruwar jini. In dakatar da asfirin da kulofidogirel?

Kada ka yanke wannan hukunci kai kaɗai. Nan gaba kura ne baya sayaki: ka ci gaba jini ya ƙi tsayawa, ka daina jijiya ta toshe, musamman in an saka maka sitent, wato ɗan bututun da ke riƙe jijiya a buɗe, kwanan nan. Dainawa yau ma ba ta gyara komai yau, domin tasirin asfirin yana ɗaukar kwana 7 zuwa 10 kafin ya bar jini. Likitan hatsari da na zuciya su ke zama su auna. In zubar jinin mai tsanani ce suna da abin da suke warware maganin tsinka jini na warfarin da shi nan take. Abin da suke buƙata daga gare ka shi ne sunan maganin da lokacin da ka sha na ƙarshe.

Maganin ciwon ƙirjin nan da ake sa wa a ƙarƙashin harshe ma a yi hattara da shi bayan bugu. Saukar da jini yake yi, wanda kuwa ke zubar da jini a ciki ba ya buƙatar ƙari.

Wane maganin ciwo ya dace?

Farasitamol ne farko. Dikulofenak da ibufurofen da danginsu suna ƙara zubar jini, suna wahalar da ƙoda, suna kuma ƙara haɗarin toshewar jijiyar zuciya, don haka sai da izinin likita. Amma a daure ciwo ma kuskure ne. Wanda haƙarƙarinsa ya karye yakan taƙaita numfashi ya ƙi tari, majina ta kwanta, nimoniya ta biyo baya, ita kuwa takan kayar da tsoho fiye da karayar. In ƙwaya ba ta isa ba akwai allurar kashe jijiyar wurin. Kada a ɗaure ƙirji da bandeji.

Tun da bel na danne tabon, ba gara in bar shi ba?

A'a. Raunin bel bai kama ƙafar na sitiyari ba. A makonnin farko sa ƙaramin matashi ko naɗaɗɗen tawul tsakanin bel da ƙirji. Direba ya bar aƙalla santimita 25 tsakaninsa da sitiyari saboda jakar iska. Tuƙi kuma yawanci sai bayan mako 4 zuwa 6 da tiyata, da amincewar likita.

In ya faɗi ba ya numfashi, a danna ƙirjin? Ina tsoron in ɓalla wayoyin.

A danna. Tsakiyar ƙirji, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya kira motar asibiti. Ƙashi da waya ana gyara su daga baya. In akwai na'urar girgiza zuciya da lantarki a kusa a yi amfani da ita, wayoyin ba sa hanawa.

Me ya sa likitoci ke ɗari-ɗari da sake buɗe ƙirjin?

Domin a karo na biyu zarton na iya tarar da zuciya ko jijiyar dashe manne da bayan ƙashi. Aikin da a karon farko mintuna ne, yanzu sai an bi tabo ana ɓarewa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa suke nazarin CT tukuna, kuma sau da yawa su shirya jona injin zuciya da huhu ta jijiyoyin matsematsi kafin su taɓa ƙashin. Inda hali ya yi, sun fi son gyara ta cikin jijiya: sitent ya buɗe toshewa, sitent mai rufi ya liƙe huda. Irin wannan aiki ba kowane asibiti ke yin sa ba, don haka in an ce za a tura shi wani wuri, kada iyali su ɗauka an yi watsi da shi ne.

An sallame mu lafiya. Me za mu ci gaba da lura da shi?

Tsugune ba ta ƙare ba sai an kwana biyu. Mai shan maganin tsinka jini na iya tara jini a gefen huhu bayan kwanaki, alamarsa hakin da ke ƙaruwa kullum da fuska da ta yi fari. Bayan mako ɗaya zuwa wasu makonni, abin da ya rage na jakar zuciya na iya kumbura: zazzaɓi, ciwo mai suka da ke tsananta in an kwanta rigingine ya lafa in an zauna an sunkuya gaba. Wannan yana jin magani, ana yawan ba da kolcisin. Ƙofar zuciya ta dama da ta yage kuwa takan yi shiru watanni ko shekaru kafin ƙafafu su fara kumbura.

Ku nemi ganin likitan zuciyarsa cikin mako ɗaya ko biyu ko da yana jin garau, ku tafi da takardun da aka ba ku. In yana da batirin zuciya a ƙarƙashin fata, a gwada shi a wannan zuwan, domin bugu na iya gusar da wayarsa daga inda aka kafa ta.